Kaya Ne Kawai

Duk wanda ya taɓa kiran Malam Ɗan'auta aiki a unguwar Misfala ya san tambayarsa ta farko, ya kuma san ba ta canjawa. Zai ajiye jakarsa, ya ɗaga kai ya ƙare wa bango kallo, sannan ya ce, "Me za a ɗora a kai?" Kanta ce, gado ne, bencin zaure ne, sai ya ji amsar nan kafin zarto ya taɓa katako. A teburin shayin Sabo har tsokanarsa ake yi, wai ko makara aka ce ya haɗa sai ya nemi a faɗa masa nauyin mamacin. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce in ba a tambaya ba a hanya za a zubar da bawan Allah, kuma kafinta za a zaga.

Shekararsa talatin da huɗu a Makka. Daga Ɗambatta ya zo aikin hajji, jirgi ya koma gida babu shi, tun daga ranar kuma bai taɓa riƙe iƙama ba, wato takardar zama. Saboda haka mutumin lungu ne. Ya san kowace ƙofar baya a unguwar, ya san lokacin da ake tsallaka babban titi da lokacin da ake haƙura. A shekarar da ya zo suka haɗu da Abdulwahab, shi ma mutumin ƙasar Kano, suka kama ɗaki ɗaya, suka yi shekara biyar suna ci a kwano ɗaya. Daga baya Allah ya buɗa wa Abdulwahab. Ya sami mai tsaya masa, ya sami takarda, ya yi aure, aka koma kiransa Alhaji da ƙarfi, sai ka ce sauran ba su hau Arfa ba. Wani tsohon gidan dutse mai hawa uku, cikin 'yan gidajen da rusau bai iso ba tukuna, ya dawo hannunsa, masu shi suna Jidda ba su cika leƙowa ba. Ɗakin ƙarƙashin matakala ya ba Ɗan'auta. Ranar da aka haifi Majid, ɗan Alhaji na fari, Ɗan'auta ne ya yi masa kiran salla a kunne, don uban yana wajen aiki.

To, da Sha'aban ya kwana goma Alhaji ya kira shi hawa na uku, ya buɗe masa wani ɗaki irin na mutanen da, mai doguwar rufi, wanda ko tsani ka hau da ƙyar za ka taɓa samansa. Ya ce sandara yake so. Haka mutanen Makka ke kiran benen katako da ake yi a cikin ɗaki, a raba tsawonsa biyu, sama ta zama ma'ajiya.

"Me za a ɗora a kai?"

"Kaya ne kawai."

"Wane irin kaya?"

"Haba Auta! Kaya dai, na lokacin azumi. A sauke, a kwana biyu, a kwashe."

"Su tabarmi da darduma? Katifu?"

"Har da katifu," in ji Alhaji, yana kallon wayarsa.

"Mutum nawa za su riƙa hawa?"

Alhaji ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Tsanin naka mutum nawa yake ɗauka a lokaci guda? Ɗaya-ɗaya za a riƙa hawa mana."

Sai ya zo kan maganar da ta sa Ɗan'auta ya manta da sauran tambayoyinsa. Ya ce in an gama, ƙasan sandarar, ɗakin gaba ɗaya, na Yaya Zubaidatu ne, ta zauna har bayan salla. Yaya Zubaidatu ita ta goyi Ɗan'auta da mahaifiyarsu ta rasu, kuma rabonsa da ita tun ranar da ta raka shi tashar mota da ƙullin yaji a hannu. Yanzu tana da saba'in da uku. 'Ya'yanta sun haɗa mata kujerar umara, ta hannun wani dillali da Majid ke hulɗa da shi, za ta iso ranar Laraba, saura kwana biyu a ɗauki azumi. Daga tagar ɗakin nan ana jin kiran sallar Harami tar, kuma ko mai ciwon gwiwa zai taka ya je. Ɗan'auta ya juya wa Alhaji baya, ya yi kamar yana duba bango, don kada a ga idonsa.

A ranar ya yi awo. Yana da tef, amma sai ya fara da hannu, yadda ya ga mahaifinsa yana yi wa azara: daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu takwas babu kaɗan daga bango zuwa bango. Tef ya ce mita uku da santi tamanin. Santin nan ya daɗe yana ba shi dariya, don a garinsu a bakin kwano ake yin santi, a nan kuwa a jikin katako. Ya zauna a dandaɓe ya yi lissafinsa. Kaya marasa nauyi, da mutum ɗaya mai hawa ya sauko: katako mai kaurin santi biyar, tsawon gefe sha biyar, guda goma sha ɗaya, taƙi biyu tsakanin kowane da ɗan'uwansa, kowanne a tsaye da gefensa, kansa ya shiga bango. Da mutane aka ce masa, da wani lissafin ne dabam. In ma gaskiya ake so, da babu lissafin, don bangon dutse ne da ƙasa, saman babu taga, hanyar fita kuma tsani ɗaya ce. Amma ba mutane aka ce ba.

Da kansa ya je wajen masu katako can bayan tashar motar Kudai, abin da ya yi shekaru bai yi ba saboda masu duba takardu. Ya ɗaga kowane katako, ya kanne ido ɗaya ya bi tsawonsa da kallo, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya saurara. Mai ƙulli a tsakiya ya mayar. Mai karkata ya mayar. Mai shagon har ya gaji ya koma ciki ya bar shi.

Kwana tara ya yi yana aikin. Yana da wata al'ada da ya gada: kafin ya ɗora katako, sai ya rubuta sunansa da ajami a faffaɗan gefensa, dab da kan da zai shiga bango. In katako ya tsaya daidai, sunan yana kallon katakon da ke kusa da shi, ba mai gani sai wanda ya leƙa. Mahaifinsa ya ce masa aikin da ba za ka iya sa masa suna ba, kada ka ɗora shi a kan mutane. Da ya shimfiɗa falanki a sama, ya ɗauko kwanon sha cike da ruwa, ya ajiye a tsakiya, ya cire takalmi, ya yi tafiya daga wannan bango zuwa wancan. Ruwan ya ɗan yi rawa, ko ɗigo bai zuba ba. Ya ɗauki hoto ya aika wa Yaya. Ta amso da muryarta: "Auta, kai har yanzu hawa sama kake yi? Ka sauko kada ka karye kafin in zo."

Washegari Alhaji ya ce ya samo masa aiki a unguwar Shisha. Wani ɗalibi ne, Malam Hafizu, littattafai sun cika masa falo, yana son kantoci. Ya ce akwai nisa, ya kwana can kawai har ya gama, Majid zai kai shi a mota. Ɗan'auta ya yi godiya har da riƙe hannu biyu.

Aikin kwana shida ne, ya gama a biyar, don zumuɗin ya share ɗakin Yaya. Litinin da hantsi ya iso gida. Ya haura hawa na uku, ya tura ƙofa, ya tsaya.

Gadajen ƙarfe masu hawa biyu ne guda huɗu a ɗakin da aka ce na mutum ɗaya ne. Bai gama fahimtar wannan ba ya ɗaga kai, sai ya ga sunansa. Ɗan'auta, Ɗan'auta, Ɗan'auta, sau goma sha ɗaya a jere, yana kallon ƙasa. An kwance aikin duka, an kwantar da katakon a kan cikinsu, an sassaƙe ramukan bango an cusa su, an toshe da siminti. Katakon da ke tsaye da gefensa yana ɗaukar ninki uku na abin da zai ɗauka in an kwantar da shi, wannan ko wanda ya yi wata ɗaya da riƙe guduma ya sani. Abin da aka samu da wannan ɓarnar duka bai fi santi goma na sarari a sama ba. To me tabarma za ta yi da sararin ɗaga kai?

Ya hau tsani. Taku ɗaya ya yi ya ji benen ya lotsa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya dawo, ya sake lotsawa. Bai buƙaci kwanon ruwa ba. Katifu ne sirara goma sha biyu a shimfiɗe, gefe na taɓa gefe. An fasa bango an sa mukayyif, injin sanyaya ɗaki, wayarsa na reto. A saitin kan kowace katifa an manna 'yar takarda da suna, rubutun Majid ne na Larabci. Ya bi su a durƙushe yana karantawa. Ta tara, a tsakiya, daidai inda katako ya fi yin ciki, an rubuta Zubaidatu.

Yana nan durƙushe ya ji muryar Majid a matakala, yana waya, Larabci da Hausa a cakuɗe yadda ya saba.

"Aiwa, kaya sha biyu. Laraba, Kudai, bayan la'asar. La, la, ma fi mushkila, wuri ya gama. Kayan ƙasa takwas sai Alhamis."

Shekara sittin da biyu Ɗan'auta yana jin Hausa, ranar nan ya san akwai kalmar da bai sani ba. Ya zauna a kan katifar yayarsa. Ba fushi ya fara ji ba, kunya ce. Ya tuna yadda ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu yana godiyar aikin Shisha, ashe kawar da shi aka yi daga gidan.

A teburin Sabo ya sami Alhaji, cikin mutane biyar ko shida, ana ta hira. Ya yi sallama, aka amsa, aka matsa masa a benci. Bencin ma shi ya yi shi. Bai zauna ba.

"Alhaji, me za a ɗora a kan sandarar nan?"

Sabo ya ci gaba da juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Wani ya tuna yana da uzuri. Ba wanda ya tambayi wace sandara, kuma a nan Ɗan'auta ya gane cewa duk sun sani.

"Ka dawo ke nan," in ji Alhaji. "Zauna ka sha shayi."

"Tambaya na yi."

"Na kuma ba ka amsa tun ran farko. Na yi maka ƙarya? Faɗi kalma ɗaya da na yi maka ƙarya."

"Mutane ne, Alhaji."

Sabo ya sa baki, murya ƙasa-ƙasa. "Wallahi Malam, mu mun ɗauka ka sani. Ai masu saukar baƙi a lungun nan haka suke cewa yanzu, saboda waya. Ba a faɗin mutum a waya."

"Ni ba a waya ya faɗa mini ba. Ido da ido ne, hannunsa a kafaɗata."

Alhaji ya ajiye kofinsa. "To da na ce maka mutane ne, me za ka ce?"

"Da na ce ba zai yiwu ba."

"Ka gani? Ni na san ka, Auta. Da ka ce bango, ka ce taga, ka ce tsani, har azumi ya wuce muna kan magana. Kwana talatin ne fa. Gidan maƙwabcinmu Ɗaso mutum nawa ke kwana a nasa benen? Wa ya mutu?"

"An kwantar da katakon."

"Don su iya zama su ci abinci ba su buga kai ba. Katako ai katako ne, a tsaye ko a kwance. Kai ka zaɓo shi da hannunka. Shi ya sa ma dillalin bai yi gardama ba. Na ce masa aikin Ɗan'auta ne, na aika masa hoton sunanka a jiki, ya ce halas, in dai shi ne a zuba."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Shekara talatin da huɗu ba shi da takarda, ba gida, ba ɗa, matar da ya aura a nan tana kwance a maƙabarta. Abin da ya tara duka sunan nan ne, kuma shi aka ɗauka aka yi talla da shi.

"Yaya fa? Ka ce ɗakin nata ne."

"Na ƙasan sun fi ƙarfin aljihu, Auta, ka san yadda abin yake. Ita ai ta gida ce, za ta yi mana haƙuri. Majid ma ya sa ta kusa da mukayyif."

"Mai ciwon gwiwa, a tsani, sau biyar a rana."

Alhaji ya ɗauki kofinsa ya kurɓa.

"Ka sauke katifun nan yau," in ji Ɗan'auta, "ko in je in faɗa."

Alhaji ya dube shi, ba tare da ya ɗaga murya ba, da irin fuskar da yake yi in yana ba da shawara. "Ka faɗa wa wa? Da wace takardar za ka shiga ofishin? Tambayar farko da za su yi maka ke nan, ba ta katako ba. Ranar Laraba yayarka na sauka, kai kana gidan tarhil, inda ake tsare marasa takarda, ana jiran jirgin da zai mai da ka. Ni ba zan so maka haka ba, wallahi. Kuma in sun hau sun duba, sunan wa za su gani?"

Mutumin da suka yi shekara biyar suna raba gurasa ɗaya ne ya faɗi wannan, a gaban jama'a, da rana tsaka. Ɗan'auta ya juya ya tafi, yana jin Sabo na kiransa bai waiwaya ba.

Talata bayan asuba Alhaji da Majid suka tafi Jidda. Ƙarar motarsu na ɓacewa Ɗan'auta ya ɗauki jakarsa ya haura. Katifun ya fara saukewa, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a soro a kan juna. Takardun sunaye ya ɓamɓare ya ajiye a kan katifar sama, sai ta Yaya da ya sa a aljihu. Ya kwance falankin, ya jingina su a bango, ƙusoshin ya tara a gwangwani bai yar da ko ɗaya ba. Sannan ya sa guduma ya farfasa simintin da aka toshe ramuka da shi, wanda ko bushewar kirki bai yi ba. Katako mai kamu takwas ba aikin dattijo ɗaya ba ne. Da igiya ya riƙa ɗaure kowanne yana zuro shi a hankali, bayansa na ihu, gumi na shiga masa ido. Kiran azahar ya shigo ta taga tar, kamar yadda ya yi wa Yaya alkawari. Ya yi salla a nan cikin ƙura, ya koma.

Da goma sha ɗayan suka kwanta a ƙasa, ya tsaya yana kallonsu. In ya bar su haka, gobe da safe leburori biyu za su mai da su kafin motar Kudai ta iso. Ya ɗauko zarto. Ya auna taƙi biyu daga kan na farko, daidai inda sunansa ya ƙare, ya ja layi da fensir. Katako ne mai kyau, ba ƙulli, ba karkata, zarton ma yana shiga cikin daɗi, kuma wannan ya ƙara masa baƙin ciki. Guntun ya faɗi. Ya jefa shi a buhu, ya matsa kan na biyu.

Yana kan na ƙarshe suka shigo. Majid ne ya fara magana, Hausar ta gudu ta bar shi, sai Larabci yake zubawa. Alhaji kuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon sama, inda babu komai sai ramuka ashirin da biyu a bango.

"Me ka yi, Auta?"

Ɗan'auta ya ƙarasa yankan, ya hure garin katako daga haƙoran zarto.

"Ga katakonka nan, goma sha ɗaya. Ga falanki, ga ƙusa. Sunana na cire."

"Ba za su kai bango ba yanzu!"

"Ba za su kai ba."

"Ya Ammi, haram alaik!" in ji Majid. "Mutane suna hanya! Ina za mu sa su?"

Ɗan'auta ya ɗago ya dube shi. "Au, yau mutane ne?"

Alhaji ya matso, idonsa ya yi ja. Ya ce shekara ashirin ya ba shi wurin kwana. Ya ce ashe maciyin amana yake ajiye a ƙarƙashin matakalarsa. Ɗan'auta ya ji kalmar ta fito daga wannan bakin, ya kusa yin dariya. Ya zaro makullin ɗakinsa ya ɗora a kan katakon sama. Tun da safe ya riga ya naɗe 'yan tufafinsa.

"In ka sake wani benen a ɗakin nan ka ɗora mutane," ya ce, "da ƙafata zan je ofishin, in ce su fara kama ni sannan su biyo ni su gani. Ka ce ka san ni."

Ya saɓa buhun, ya ɗauki jakarsa, ya sauka. Ba wanda ya tare shi.

Ya kira Malam Hafizu a waya, don ba shi da wanda zai kira a Misfala. Ɗalibin bai yi tambaya mai yawa ba. Ya ce Yaya ta zo ta zauna da iyalinsa, shi kuma Malam akwai tabarma a falo gindin kantocin da ya yi, kafin a ga abin da Allah zai yi. Shisha ba a jin kiran sallar Harami. Sai an nemi mota, kuma a azumi mota sai mai rabo.

Laraba bayan la'asar yana Kudai, a inuwar wata katanga, nesa kaɗan da inda masu kaki ke tsayawa. Jakar a kafaɗa, buhun a tsakanin ƙafafunsa, don bai yarda ya bar shi ko'ina ba. Motoci na shiga suna fita, ana sauke akwatuna. Can ya hango Majid da takarda a hannu. Ya ji an ce a soro za a shimfiɗa wa baƙin, a ɗaura musu rumfa. Soron dutse ne, zai ɗauka.

Ita ce ta kusan ƙarshe da ta sauko, da baya-baya, tana laluben matakala da sanda. Ta ƙanƙance. Ya yi zaton sai ya faɗi sunansa, amma tun kafin ya ƙaraso ta tsaya ta zuba masa ido.

"Tafiyar Baba," ta ce. "Auta, kai ne ka yi furfura haka? Wa ya ba ka izini?"

Ya durƙusa zai gaishe ta. Ta kama kansa da hannu biyu tana shafawa, tana kuka tana yi masa faɗa, wai ya rame, wai hannunsa duk kanta, wai shekara talatin da huɗu ko kunya bai ji ba. Da ta gaji ta share ido da bakin hijabi.

"To mu je in ga benen nan da ka ishe ni da hotonsa. Na faɗa wa duk matan motar nan ƙanena ne ya yi." Ta zunguri buhun da sanda, ya yi ƙara. "Wannan fa? Me ka ɗauko?"

Ya buɗe baki zai ce kaya ne, kalmar ta tsaya masa a wuya. Sai ya sa hannu ya zaro guntu ɗaya ya miƙa mata. Ta nisanta shi da idonta, ta haɗa baƙaƙen a hankali.

"Sunanka ne."

"Shi na samu na fito da shi, Yaya. Zan ba ki labari a mota."

Can wajen motar Majid ya fara kiran sunaye daga takardarsa, yana ɗaga yatsa yana ƙirga duk wanda ya amsa. Shida, bakwai, takwas. Ya ɗaga murya.

"Zubaidatu! Zubaidatu!"

Ta juya, ta ɗaga sandarta za ta ce ga ni. Ɗan'auta ya riƙe mata hannu.

"Kada ki amsa, Yaya," ya ce. "Ba ke ake kira ba."